Jan Allon Ragib Mai Zuma

A Studenik, in ka gamu da Ragib da safe ka ce masa, "Ina zuwa haka?" to ka ɓata yawunka. Zai tsaya ya ƙare maka kallo tun daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" In ka taki sa'a yana cikin nishaɗi, sai ya nuna maka hanyar kogi da haɓa, ka juya kaɗan ka hango shi ya zaga ta bayan maƙabarta ya kama hanyar dutse. Haka muka san shi. Kowa a ƙauyen nan ya sha zumarsa, amma ba mahaluƙin da zai ce maka ga yawan amyarsa, balle ga inda take. Ko a rumfar shan gahawa, kujerar da ke jingine da bango yake zaɓa, don kada wani ya tsaya a bayansa.

Ba da wannan zurfin cikin aka haife shi ba. Waɗanda suka yi makaranta tare da shi sun ce a ajinsu ba mai surutunsa. Yaƙi ne ya ɗinke masa baki. Lokacin da abin ya iso nan, mazan unguwarsu suka ɓuya a wani tsohon gidan niƙa can cikin kwari, wurin da in ba ɗan ƙauye ba ba wanda ya san da shi. Ranar da sojoji suka zo, ko lalube ba su yi ba, kai tsaye suka nufi ƙofar. Ragib ya fita neman burodi, shi ya sa ya tsira. Ƙanensa Edhem yana ciki, kuma har yau ba a ga ko takalminsa ba. Ragib bai taɓa sanin wanda ya faɗa ba. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, ƙila ma ba da mugunta aka yi ba, wani ne kawai ya gaya wa wani don daɗin hira.

Zumar kuwa asalinta ta matarsa ce, Zineta. Da amya ta zo daga gidan ubanta, cikin kayan aurenta. Da suka dawo daga gudun hijira suka tarar da gida ya ƙone, amyoyin sun zama toka, amma a kogon tsohuwar bishiyar bayan gida sai ga ƙudan zuma suna shige da fice abinsu. Zineta ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa ta ce, "Nawa ne. Jirana suka yi." Daga wannan kogon ta sake tayar da komai. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ba ta yi wa Ragib wasiyyar gida ko gona ba, cewa ta yi ya kula mata da ƙudanta. Ana cikin zaman makokinta, gida cike da masu ta'aziyya, wasu 'yan banza suka zagaya ta bayan lambu suka kwashe fiye da rabin amyoyin. Ragib ya rantse ɓarawon ya shigo ya yi masa gaisuwa, ya sha gahawarsa, kafin ya zaga.

Abin da ya rage shi ne ya kwashe ya haye da shi dutsen Orlik. Orlik dai kun san shi, jajayen alluna ne ko'ina, kowanne da hoton ƙoƙon kan mutum, saboda nakiyoyin da aka binne tun zamanin yaƙi. Akwai wani ɗan kwari ta gabas da masu tonon nakiya suka share tas a kan idon Ragib, don shi ke kai musu gahawa kullum, ba kuma don karamci ba, so yake ya ga iyakar inda suka tsaya. Da suka gama suka cire allunansu, ɗaya ya faɗi cikin ciyawa ba su lura ba. Ragib ya ɗauke. Shi ne ya kafa shi a bakin hanyar kwarin, ya jera amyar Zineta a bayansa. Tun daga nan ko akuya ba ta ƙara bi ta wajen ba. Sauran allunan dutsen kuwa, musamman na gangaren rafi ta arewa, na gaske ne, ba wanda ya taɓa share bayansu.

Allah da ikonsa, wannan mutum shi ya haifi Sanela. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Ostiriya, kuma in ta ci tuffa da safe, kafin azahar duk wanda ke da waya a Studenik ya san launinta. Ranar da aka cire mata haƙori mun gani. Ranar da suka yi faɗa da mijinta mun karanta, ranar da suka shirya ma mun ga furen. Yarinyar kirki ce, wallahi, ba ta da mugun nufi ko kaɗan, cikinta ne kawai ba shi da marfi. In ta zo hutun bazara, ita da uban kullum cikin tsiya suke.

"Baba, ɗan yi murmushi mana."

"Sauke min wannan abin daga fuska."

"Ƙawayena ne ke son ganinka."

"Ƙawayenki nawa?"

"Sun fi dubu."

"Dubu! Ni da na shekara kusan saba'in a garin nan, mutum ɗaya ban gama yarda da shi ba. Ke a ina kika tsinci dubu?"

Bazarar bara waccan ta dame shi sai ya kai ta wajen amyar. Ya ƙi, ya ƙi, har ta fashe da kuka ta ce, "Zumar Mama ce fa, Baba. Ni ma uwata ce." Nan ta kama shi. Ya tafi da ita da sassafe ta hanyar da ta fi kowace zagaye, yana tafe yana waiwaye. Da suka isa ta durƙusa tsakanin akwatunan ta yi kukanta ta ƙoshi. Za su dawo ne ta ce hoto ɗaya tak take so, shi da allon, don in kewa ta kama ta ta duba. Ragib ba yaro ba ne. Ya sa ta matso har ba abin da ya fito sai fuskarsa da jan allon, ya karɓi wayar ya sa tabarau ya duba kusurwa-kusurwa: ba bishiya, ba kan dutse, ko sama ba a gani. Ya ce, "A cikin wayarki zai zauna." Ta ce, "Haba Baba, sai ka ce ba ka san ni ba." Ai kuwa ya san ta, shi ya sa har suka iso gida bai daina maimaita mata gargaɗin ba.

Ta riƙe amanar kusan shekara, wannan kam a yaba mata. Sai ranar da rasuwar Zineta ta zagayo, kewa ta taso mata a can ƙasar mutane, ta zauna ta zuba wa duniya. Ta sa hoton, ta rubuta yadda babanta ya fi kowa wayo, yadda ya kafa allon nakiya na ƙarya da hannunsa ya ɓoye zumar Mama a bayansa, shekara da shekaru ko cokali ba a sata ba. A ƙarshe har da cewa ba za ta faɗi wurin ba, kada ma a tambaye ta. Ita a ganinta ta rufa asiri ke nan.

Ragib ba shi da irin wannan wayar, tasa mai maɓalli ce, don haka shi ne na ƙarshe da ya ji. Ya shigo rumfar gahawa ya ga an yi tsit, sai maƙwabcinsa Mensur, mai tarakta, wanda tun suna yara ba shi da aiki sai tsokanarsa, ya miƙe ya sara masa kamar soja.

"Barka da isowa, sarkin nakiya!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ragib ya ce, "Me kuma ka sha yau da safe?"

"Ni? Ruwa. Kai dai ka shayar da mu. Mutumina, ashe duk tsoron da muke ji a Orlik na allonka ne? Zo ka ga kanka, ka yi kyau ma."

Ya miƙa masa wayar. Ragib ya ga fuskarsa, ya ga allon, ya karanta rubutun yana motsa leɓe. Ƙasan rubutun mutane ne rututu, wasu ya san su, wasu daga garuruwan da bai taɓa takawa ba, kowa na yaba wayon tsoho. Wani mai hoton kyarkeci a maimakon fuska ya rubuta, "Ta wane gefen dutsen?" Ragib ya sake karanta tambayar. Ya ajiye wayar a tebur a hankali, ko gahawar bai taɓa ba ya fice.

Daga bakin hanya ya kira ta. "Sanela, kin kashe ni."

"Baba, ban faɗi wurin ba fa! Ka duba da kanka, ba a ganin komai."

"Ba ruwana! Cire shi yanzu-yanzu."

Ta cire, tana kuka. Da yamma Mensur ya leƙo ta kan shinge ya nuna masa hoton nan daram a zauren 'yan ƙauye na waya, wani ya riga ya ɗauka ya ajiye, daga can kuma ya tsallaka zaurukan ƙauyukan ƙetaren dutse. Ragib ya tambaye shi wa ya fara sakawa. Mensur ya ɗaga kafaɗa. Ragib ya dube shi da kyau, ya lura da jar laka a takalman robar Mensur, irin ta gindin Orlik.

Da farko ƙaryatawa ya gwada. Ya bi rumfa, ya bi kanti, yana cewa yarinya ce ta ƙirƙira don a yaba mata, allunan duk na gaske ne. Wa zai yarda? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana nuna kogi yana hawa dutse! Iya rantsuwarsa iya dariyar mutane. Matar mai kanti ma cewa ta yi, "To Baba Ragib, mun ji. Bana dai mu ma za mu ɗebi naman kaza a Orlik, ba kai kaɗai ba."

Daga nan kowa ya zama ɓarawo a idonsa. Mai kawo wasiƙu ya tambaye shi lafiyar gwiwa, ya ce so yake ya ji ko ya daina hawa dutse. Wata baƙuwar mota ta tsaya sayen taba, ya bi ta da ido har ta ɓace. Liman ya ce masa Allah ya sa albarka a zumar bana, ya kwana yana juya maganar. In zai tafi wajen amyar sai ya fara nufar gonar wani, ya zauna a gindin bishiya har ya tabbata ba mai bin sa. Allonsa dai yana nan, ciyawar bayansa ba wanda ya taka. Ya fara samun 'yar natsuwa.

Wata safiya ya zaga ta gangaren rafi don ya ɓatar da sawu, sai ya ja ya tsaya cak. A bayan allon wurin, allon gaske, ciyawa ta kwanta. Mutum ne ya shiga. Ga sawun takalmi a laka, babba, mai zane kamar haƙoran zarto, ga guntun taba. Sawun ya shiga 'yar tazara ya juyo. Ragib ya tsaya yana kallo. Sai a lokacin ya gane abin da hoton nan ya yi. Da an ga bishiya ko kan dutse, da ɓarawo ya san inda zai nufa. Amma jan allo da ƙoƙon kai, duk na Orlik iri ɗaya ne. Mutumin bin su yake ɗaya bayan ɗaya, yana neman na ƙaryar.

Gaskiya ita ce, abin da ya fara zuwa zuciyarsa daɗi ne. Ya ce a ransa, "Shiga. Ƙara gaba kaɗan, ɗan banza." Ƙafarsa ce, shi ya kawo ta. Ƙila ma shi ne na ranar makoki. In ya tashi sama, ba mai ƙara kusantar allo a dutsen nan har abada, zumar Zineta ta zauna lafiya. Da wannan tunanin ya koma gida, ya ci abincinsa, bai gaya wa kowa ba.

Da ya sake komawa, sawun ya ƙara nisa, har ya sha kwanar wani dutse, ba a ganin ƙarshensa. Ragib ya zauna a bakin rafin. Ya taɓa jin ƙarar fashewar nakiya sau ɗaya bayan yaƙi, kuma yana cikin waɗanda suka sauko da mai saran itacen da ya taka ta a kan ƙyauren ƙofa. Ya tuna nauyin ƙyauren, da yadda mutumin ke ta tambayarsu ina takalminsa. Ya tuna matar mai kanti da kwandonta na ɗibar naman kaza. Ya zagi Sanela, ya zagi wayar, ya zagi mai hoton kyarkeci, ya zagi kansa da ya tsaya aka ɗauke shi. Duk zagin bai canja komai ba. Ƙarya ba wanda zai karɓa daga bakinsa, gaskiyar ma sai ta zo da hanya da kwatance, yadda kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, ya tsaya a kan matakala ya ce a dakata. Mutane suka yi cirko-cirko, don ba wanda ya taɓa jin Ragib ya nemi a saurare shi. Ya ce wa Mensur, "Kai mai waya, ɗauke ni bidiyo. Ka saka a duk inda aka saka wancan."

"Kai da kanka?"

"Ɗauka, kafin na fasa."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya fara bayani, bai tsallake komai ba. "Allo ɗaya ne nawa a Orlik. Ɗaya tak. In ka wuce maƙabarta ka bi hanyar masu itace, ka bar tsohuwar rijiya a hagunka, za ka ga dutse mai tsaga. Kwarin bayansa, nan amyata take. Ku je ku gani. Duk sauran allunan na gaske ne. Kai mai shiga ta gangaren rafi, ban san ka ba, ko kuma na san ka ban sani ba. Ba can take ba. Kada ka ƙara taka wurin, don girman Allah."

Ba wanda ya yi dariya. Kafin la'asar abin ya zaga ƙauyukan dutsen kaf, ya fi na Sanela gudu. Washegari ɗan sanda ya zo ya tuge allon, ya wanke Ragib tas, ya tafi da allon a bayan mota.

Mensur ya biyo shi har gida. "Ragib, bari na kawo tarakta da magariba, in ƙudan sun shige, mu kwashe akwatunan gaba ɗaya. Ka faɗi inda za a kai."

Ragib ya dubi takalman robar nan. "Don ka san sabon wurin?"

"Kai, Allah ya shirye ka! Tare fa aka yi mana kaciya."

"Na gode. Zan iya."

Bai iya ba. Akwatin zuma a tsakiyar kaka ba kayan tsoho ba ne, ga hanya ba ta baro ba. Da magariba yake toshe bakin guda ya goya a baya, ya sauko yana nishi. 'Yan kaɗan ya sauke, sai gwiwa ta kumbura kamar tulu, ruwa kuma ya tsuge, ya kwanta. Ranar da ya iya dogara sanda ya hau, tun daga dutse mai tsaga ya ji shirun. Duwatsun da yake ɗora akwatunan ne kawai a jere, kowanne da farar ciyawa a tsakani. 'Yan ƙudan da aka bari a waje suna ta shawagi a daidai inda ƙofofinsu suke a da. Akwai sawun taya, amma rabin taraktocin yankin nan irin tayarsu ke nan. Ragib ya zauna a kan dutse ɗaya ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne Zineta, yana ba ta haƙuri da sunanta.

Sanela ta kira ta ce za ta rubuta neman gafararsa a shafinta, kowa ya gani. Ya ce, "'Yar nan, ni kika yi wa, ba duniya ba. Faɗa min a kunne." Ta faɗa, ya ce ya yafe. Bana da ta zo, a mota take barin wayar in za ta shigo gida, ko da yake mun ga hoton ƙofar gidan daga waje.

'Yan akwatunan da suka tsira suna nan ƙarƙashin tagar ɗakinsa, inda yake jin su daga kan gado. Har yau bai san wa ya kwashe sauran ba, kuma bai cire kowa daga zargi ba, har Mensur, wanda ya daina tsokanarsa, abin da Ragib ya ce shi ma alama ce. Duk Juma'a shi ne na ƙarshen shiga masallaci. Sai kowa ya shige yake tsayawa a bakin ƙofa wajen takalma, ya sa sandarsa yana birkita su ɗaya-ɗaya, yana neman mai zanen haƙoran zarto. Wata rana liman ya fito ya kama shi yana yi.

"Baba Ragib, ka same shi?"

"Ban same shi ba."

"To me kake ta kallo haka?"

Ragib ya nuna jerin takalman da bakin sanda, tun daga wannan bango har wancan.

"Duk ƙafa bibbiyu ne, ba wadda nakiya ta ci," ya ce. Ya cire nasa ya ajiye a can gefe, inda zai iya hango su daga sahu, sannan ya shiga.